Zari-Ruga a Ƙasar Gobir: Daga Dandalin Langa Zuwa Filin Firamare

Duk wanda ya tashi a Sabon Birni ko Isa ya san langa tun kafin ya san ƙidaya. Yara sukan kasu gida biyu, kowa ya kama ƙafarsa ɗaya ta baya, ya riƙa tsalle da ɗayar. Kowane ɓangare yana da wanda ake kira ruwa, shi ne ake so ya kai masha, wato wurin da aka ajiye a matsayin gida. 'Yan uwansa suna tare masa hanya, abokan karawa suna neman kayar da shi. Wanda ya saki ƙafa ya mutu. Idan ruwa ya kai, an sha ke nan, sai ihu ya tashi.

A sauke wa yaran nan ƙafafunsu ƙasa, a miƙa wa ruwa ƙwallo mai siffar ƙwai, a ce masa idan an tsare shi ya jefa wa na bayansa shi ma ya zama ruwa. An kusa samun wasan da Turawa ke kira rugby, wanda Hausawa suka raɗa wa suna zari-ruga. Sunan ya dace da shi: ka zari ƙwallo, ka ruga da ita.

Wannan kusanci shi ne ƙofar da ya kamata duk mai son kai wasan makarantun firamare na gabashin Sakkwato ya bi. A yankin da shekarun nan suka yi wa yara tsanani, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce yadda za a tsara wasan har yaro ya kwana yana ɗokin gari ya waye ya tafi makaranta.

Wasan da ake ci gaba ta hanyar jefa baya

Ana danganta asalin zari-ruga da makarantar garin Rugby a Ingila. Labarin da ake bayarwa shi ne, a 1823 wani ɗalibi mai suna William Webb Ellis ya rungumi ƙwallo ana tsakar wasa ya sheƙa da ita. Masana tarihi suna tababar labarin, amma kofin duniya na wasan, wanda aka fara a 1987, sunansa yake ɗauke da shi har yau.

Babban wasan mutum 15 ne a kowane ɓangare, na tsawon minti 80. Akwai kuma na mutum bakwai-bakwai mai minti bakwai a kowane rabi, wanda ya shiga gasar Olamfik a 2016 a birnin Riyo, inda ƙaramar ƙasar Fiji ta ɗauki zinare. Maki biyar ake samu idan ɗan wasa ya dangwala ƙwallo a ƙasa bayan layin abokan karawa, sai ƙarin biyu idan aka buga ta ta wuce tsakanin sanduna.

Dokar da ta bambanta shi da sauran wasanni ita ce ba a jefa ƙwallo gaba da hannu. Ko dai gefe, ko baya. Mai ƙwallo shi ne kan gaba, kuma duk gudunsa idan aka cim masa, sai ya waiwaya ya nemi ɗan uwansa. Na baya kuwa dole ya bi sawu kusa-kusa, don ba a san lokacin da za a buƙace shi ba. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to wannan wasa an gina shi ne kacokan a kan haka.

Afirka ba baƙuwa ba ce a cikinsa. Afirka ta Kudu ta ci kofin duniya sau huɗu, a 1995 da 2007 da 2019 da 2023, babu ƙasar da ta kai ta. Kyaftin ɗin da ya ɗaga na biyun ƙarshe, Siya Kolisi, a unguwar talakawa ta Zwide ya tashi a hannun kakarsa, kuma ya sha faɗin yadda yake kwana da yunwa yana yaro. Yana ɗan shekara 12 aka hango shi a wata gasar yara, aka ba shi gurbin karatu kyauta. Shi ma Maro Itoje, wanda ya zama kyaftin ɗin Ingila a 2025, iyayensa 'yan Najeriya ne.

Abin da Kano ta riga ta gwada

A Najeriya wasan ya fi ƙarfi a Legas, inda ƙungiyoyi irin su Cowrie da Racing suke. Hukumar zari-ruga ta ƙasa ce ke kula da shi, kuma ana yi wa ƙungiyar ƙasa laƙabi da Black Stallions, wato baƙaƙen ingarmu. Tunda Legas ƙasar Yarbawa ce, Bayarabe kuma abokin wasan Bagobiri ne, wannan kaɗai ya isa tsokana: yaya za a yi taubashi ya riga ka iya tsere?

A Arewa kuwa Kano ce cibiya. Ƙungiyar Barewa, wadda Martin Crawford ya daɗe yana yi wa hidima, ta shafe shekaru tana bin makarantu tana koya wa yara, tana shirya gasar matasa, tana karawa da ƙungiyoyin Kaduna da Zariya da Jos. Yaran da suka fara a filayen ƙura na Kano sun girma sun zama 'yan wasa, wasu sun zama masu horarwa. Darasin Kano shi ne yaron Bahaushe ba ya ƙyamar wannan ƙwallo idan aka kawo masa ita makaranta, kuma abin da ke raya wasan shi ne wanda ya koya jiya ya dawo ya koyar gobe.

Hukumar wasan ta duniya, World Rugby, tana da shirin da ta ƙirƙiro don sababbin shiga mai suna Get Into Rugby, mai matakai uku: gwadawa, bugawa, da ɗorewa. A 2023 kuma ta fito da wani salo marar kayarwa da ta kira T1. Waɗannan tsare-tsare suna da amfani, sai dai an rubuta su ne da tunanin makarantar da ke da ciyawa da ruwan famfo da malamin wasanni. Kano ma birni ce. Sabon Birni da Isa suna da nasu hali.

Ƙasar da za a shuka irin

Wannan yanki tsohuwar zuciyar Gobir ce. Kufan Alƙalawa, birnin su Bawa Jan Gwarzo da ya faɗi a 1808, yana cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni. 'Yan uwan jini suna tsallaken iyaka a Tsibiri da Maraɗi. Ƙasa ce ta fadamu da gero da albasa, ta mutanen da suka ɗauki jarumtaka abin gado. Kokawa da dambe abin alfahari ne bayan kaka, kuma idan ana gasar kokawar takobi ta Nijar, wadda aka fara a 1975, kunnuwan mutanen bakin iyaka suna kan rediyo.

Amma shekarun nan ba su yi wa yankin daɗi ba. A watan Mayun 2020 'yan bindiga sun kashe mutum sama da 70 a Garki da Ɗan Aduwa da ƙauyukan da ke kusa da su. A Disamban 2021 an ƙona matafiya a cikin mota a yankin. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Tun 2019 dubban mutane suke tsallakawa jihar Maraɗi neman mafaka, wasu kuma suka taru a cikin garuruwan Sabon Birni da Isa. Makarantun ƙauyuka da dama sun watse, na cikin gari suka cika, wasu azuzuwan ma suka zama wurin kwanan 'yan gudun hijira.

Yaron da ke aji huɗu a yau a cikin wannan hali ya buɗe ido. Ya san gudu, amma gudun tsira ya sani. Dandalin da yayyensa suka yi langa a farin wata ya yi tsit, domin da magariba kowa ke shigewa. Ƙwallo ba za ta kori ɓarayin daji ba, ba kuma za ta cika ciki ba. Abin da za ta iya ɗan kaɗan ne amma na gaske: ta ba yaro rabin awa da zai yi gudu yana dariya, ta haɗa ɗan gari da ɗan gudun hijira a ɓangare ɗaya, ta ƙara wa uwa hujjar tura ɗanta makaranta da safe. Asusun UNICEF ya daɗe yana ƙiyasta cewa yaran Najeriya miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta, mafi yawansu a Arewa. Jihar Sakkwato ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi tun zamanin Aminu Waziri Tambuwal. Gina aji aiki ne, sa yaro ya so zama a cikinsa wani aikin ne daban.

A fara da wutsiya, a bar kayarwa

Shawara ta farko ita ce kada a koya wa ɗan firamare kayar da ɗan uwansa. Ƙasar filayenmu ta bushe ta yi tauri, asibiti mai kayan duba kai yana can Sakkwato, hanyar kuma kowa ya san yadda take. Ko a Ingila, inda ciyawa take shar, yara 'yan shekara bakwai da takwas ba sa kayarwa. Wasan cire ƙyalle suke yi: kowa yana da ƙyalle biyu a ƙugu, idan aka zare ɗaya daga jikin mai ƙwallo, kamar an kayar da shi ne, sai ya tsaya ya jefa wa wani cikin taku uku. Wanda ya zare ya ɗaga ƙyallen sama, sannan ya miƙa wa mai shi hannu da hannu kafin ya koma wasa. Wannan miƙawar kanta tarbiyya ce.

A can ɗamara mai mannewa ake saye. A nan ragowar yadin da tela ke zubarwa ya wadatar. A yanka shi tsawon kamu biyu, a soke a ƙugun wando ta dama da hagu, ja ga wannan ɓangare, shuɗi ga wancan. Yara da kansu za su kira shi wutsiya. Toka ta ja layi. Gorar roba da aka cika da yashi ta nuna kusurwa. Filin ma ba sai babba ba: ƙananan yara a Ingila huɗu-huɗu suke bugawa a fili mai tsawon mita 20 da faɗin 12, na gaba da su shida-shida a mita 45 da 22. Filin ƙwallon ƙafa ɗaya zai ɗauki ƙananan filaye da yawa. Aikin ranar farko kuwa na tsintsiya ne da manjagara, a kwashe tsidau da ƙarangiya da fasassun kwalabe, domin yawancin yaran ba takalmi za su yi gudu.

Ƙwallon ce kaɗai abin nema, mai lamba 3 ga ƙanana, mai lamba 4 ga 'yan aji biyar da shida. Nan ma akwai dabara. Waɗanda suka fara ɗinka ƙwallon zari-ruga a Ingila, William Gilbert da Richard Lindon, masu ɗinkin takalma ne. Ƙasar da fatar jar akuyarta ta yi suna har Turai ba za ta rasa badukun da zai duba guda ɗaya ya yanka fata gida huɗu ya ɗinka irinta ba. A cusa tsumma ko soso, ta isa koyon jifa da cafewa. Ta kanti a ajiye ta don ranar gasa.

Zango ɗaya, mataki uku

A ɗauki makonni 12, sau biyu a mako, minti 30 zuwa 40. Doka ɗaya ce ke sama da duka: kada yaro ya tsaya a layi yana jiran a zo kansa. Malamin da ya jera yara 60 yana ba su ƙwallo ɗaya bayan ɗaya ya kashe wasan tun ba a fara ba. A raba su ƙungiyoyi na shida ko takwas, kowace da ɗan aji shida mai lura da ita.

Makonni huɗun farko na sabo ne. A fara da kamun wutsiya ba tare da ƙwallo ba: kowa ya zari na kowa, wanda ya fi tarawa cikin minti ɗaya ya ci. Sai kura da awaki: yara biyu su tsaya a tsakiya, sauran su yi ƙoƙarin tsallakawa, wanda aka cire wa wutsiya ya zama kura. Daga nan a kawo ƙwallo a bar su su yi mamakinta. Ba ta tashi daidai idan ta faɗi, takan yi dama a lokacin da ake jiran ta hagu, kuma wannan shirmen nata shi ke fara sa yara dariya. A koya musu riƙe ta da hannu biyu, da jefa ta daga gefen ƙugu kamar mai miƙa wa na bayansa dami.

Makonni huɗu na biyu na fahimtar doka ne, kuma nan langa za ta yi aikinta. A ce musu mai ƙwallo shi ne ruwa, layin can shi ne masha. Bambancin kawai, a nan ruwa yana canja hannu. Da farko a bar su su jefa ta ko'ina. Idan sun saba, sai a hana jifa gaba. Za a ga ruɗani na kwana biyu, domin ƙwallon ƙafa ta koya musu tsere wa mai ƙwallo su jira a gaba. Dabarar da ke warware wannan ita ce jeren tsuntsaye: yara huɗu su tashi a karkace, kowa taku biyu bayan na kusa da shi, ƙwallo ta bi ta hannunsu har ƙarshe. Akan kuma ƙara wata doka ta wucin gadi, cewa ba a ƙirga ci sai ƙwallo ta taɓa hannu uku. Da wannan ake rage wa mai tsawon ƙafa son kai, a sa ƙaramin yaro ya zama abin nema.

Makonni huɗun ƙarshe na gasa ce a cikin gida. Kowace ƙungiya ta zaɓi suna da kanta, ta zaɓi kyaftin. A al'adar zari-ruga kyaftin ne kaɗai ke yi wa alƙalin wasa magana, kuma cikin ladabi. Bayan an tashi, ɓangarori biyu sukan jeru su tafa wa juna. Malaman da ke fama da faɗan 'yan ƙwallo bayan kowace karawa za su gane darajar wannan. A bar yara su riƙa karɓar usur suna alƙalanci bi da bi, domin wanda ya taɓa hura usur ya fi jin nauyin yi wa mai hurawa tsiwa.

Lokaci, ruwa, da 'yan mata

Daga Maris zuwa Mayu zafi a wannan yanki yakan haura digiri 40. Wasan tsakar rana a lokacin cutarwa ne. Da sanyin safiya bayan taron asambile, ko a lokacin fita tara, shi ya fi. Zangon hunturu ya fi kowanne dacewa da farawa, don an gama girbi, yara sun dawo daga gona. Kada a ci lokacin makarantar allo ko Islamiyya, kada kuma a tsare yara har la'asar. Randar ruwa a bakin fili wajibi ce. Yaron da bai karya kumallo ba, ko mai zazzaɓi, a ba shi riƙon alƙalami ya rubuta maki. Wanda ya buga kai ya ji jiri, ya fita ke nan a ranar, ko da ya rantse ya warke.

'Yan mata su ne suka fi saurin barin makaranta, ko don talla ko don aure, saboda haka shirin da ya manta da su ya bar rabin aikinsa. Wasan wutsiya ba ya buƙatar a taɓa jikin kowa, kuma ana yin sa da ɗan ƙaramin hijabi da wando a ƙarƙashin riga. A ware musu lokacinsu da gefen filinsu, malama ta jagorance su. Yarinyar da ta iya carafke da 'yar gala-gala ta riga ta mallaki ido da hannu da ƙafar da ake buƙata. Wasan kuma ba na maza kaɗai ba ne: a gasar kofin duniya ta mata ta 2025, mutum fiye da 80,000 ne suka kalli wasan ƙarshe a Landan.

Wa zai riƙe igiyar?

Arewa ta koyi darasi a 2003, lokacin da jita-jita ta tsayar da allurar shan inna, kuma ba a shawo kan lamarin ba sai da sarakuna da malamai suka shiga. Baƙon abu a kan yara, musamman a yankin da amana ta yi ƙaranci, sai an bi ta ƙofar gida. Kafin a hura usur na farko, a je wa hakimi da liman da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da kwamitin iyaye na makaranta. A gayyace su su zauna a inuwa su kalli yara suna yi na minti 20. Uban da ya ga babu kokawa, babu tsiraici, babu caca, ya kuma ga ɗansa yana miƙa wa abokin karawa ƙyallensa da hannu biyu, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Masu horarwa su kasance 'yan gari. Baƙon da zai zo da mota ya yi kwana uku ya ɗauki hoto ya tafi, ƙwallayensa a ofishin hedimasta za su ƙare. Abin da ya fi shi ne a ɗauki malamai biyu daga kowace makaranta, mace da namiji, da wasu matasa masu sha'awa, a horar da su a Sakkwato ko a nemo masu koyarwa daga Kano, su dawo su riƙe abin da kansu. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha za ta iya saka shi a cikin darasin motsa jiki da ke cikin manhaja tun da ma, wanda a makarantu da yawa ya zama lokacin shara ko zaman banza.

A kuma cire burin ɗaukar yara a mota daga Isa zuwa Sabon Birni don karawa, har sai hanya ta yi kyau. Gasar unguwa da unguwa a cikin gari ta isa. Sharaɗin shiga ƙungiya ya zama zuwa makaranta: wanda rajista ta nuna ya yi fashi ba dalili, ya zauna a benci ranar. Ma'aunin nasarar shirin ma a nan yake. Idan zango ya ƙare, hedimasta ya buɗe rajista ya duba ranakun da ake wasa, ya gwada da sauran ranaku, ya ƙirga 'yan matan aji biyar da suka kai ƙarshen zango, ya duba ko yaran da aka koro daga ƙauyuka sun daina zama su kaɗai a bayan aji.

Wataƙila wata rana wani daga cikinsu ya sa rigar Najeriya. Mafi yawansu manoma za su zama, da 'yan kasuwa, da malamai, da iyaye mata. Abin da za su tafi da shi daga filin shi ne sabon waiwaye: idan aka tsare ka, ka duba baya, akwai wanda ya biyo ka da hannu a buɗe. Ranar da aka ga yara a wani lungu na Gatawa ko Turba sun naɗe tsumma sun ja layi da toka, babu malami babu usur, suna gardamar ko jifar nan gaba ta yi ko baya, a ranar zari-ruga ta zama 'yar gida.